Cire gashin haɓa da leza: amsa ga amarya mai baƙar fata

Tambaya: Likita, ni budurwa ce mai shekara 26. Gashi mai kauri yana fito min a haɓa da gefen fuska, har da 'yan kaɗan a ƙirji. Na daɗe ina tsige shi da hantsaki, yanzu wurin duk ya yi ƙuraje da baƙin tabo. An sa bikina nan da wata uku. Na ga wata mai gyaran jiki tana talla a Instagram cewa za ta cire shi da leza har abada. Ni baƙa ce. Wasu sun ce min leza tana kawo cutar kansa, wasu sun ce tana hana haihuwa. In je ko kada in je?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Na san irin damuwar da gashin haɓa yake jefa mace a ciki, har ta riƙa jan mayafi tana rufe baki in za ta yi magana da mutane, don haka ba zan ɗauki tambayarki da wasa ba.

Leza, wato na'urar da ke ƙona saiwar gashi da haske, tana aiki, kuma tana aiki a baƙar fata idan an yi amfani da na'urar da ta dace a hannun wanda ya san aikin. Amma ba na so ki fara da shagon gyaran jiki. Ki fara da ganin likita, domin gashi mai kauri a haɓa da ƙirjin mace sau da yawa alama ce ta wani abu da ke gudana a cikin jiki, kuma in ba a gano shi ba, kuɗinki za ki yi ta zubawa gashin yana dawowa. Sannan ki cire rai da cewa za a gama aikin kafin biki. Wata uku ba su isa ba, duk wanda ya ce miki sun isa so yake ya karɓi kuɗinki.

Bari in fara kwantar miki da hankali kan abubuwa biyun da aka tsorata ki da su. Hasken da ake amfani da shi wajen cire gashi ba irin hasken ɗaukar hoton ƙashi ba ne, ba ya cikin nau'in da ke lalata ƙwayar halitta har ya haifar da cutar kansa. Kusan shekara talatin ke nan ana wannan aiki a duniya, tun tsakiyar shekarun 1990, kuma ba a samu hujjar cewa yana kawo kansar fata ba. Batun haihuwa kuwa, hasken ba ya wuce 'yan milimita kaɗan a cikin fata. Ko a mara aka haska shi ba zai kai mahaifa ko ma'ajiyar ƙwai ba, balle a haɓa. Haɗarin leza na gaskiya yana kan fatar kanta da kuma ido, kuma a kan wannan haɗarin zan fi tsayawa.

Dalilin da ya sa launin fatarki yake da muhimmanci yana cikin yadda na'urar take aiki. A 1983 wasu likitoci biyu a Boston ta Amurka, Rox Anderson da John Parrish, suka bayyana cewa in aka zaɓi haske mai wani tsawon zango na musamman, aka sake shi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, zai iya ƙona abu guda a cikin fata ya bar abin da ke kewaye da shi. A cire gashi, abin da ake hari shi ne melanin, sinadarin da ke ba gashi baƙinsa. Gashin yana shanye hasken, ya ɗauki zafi, zafin ya gangara ya lalata saiwar da ke fitar da shi. Kin san yadda baƙar abaya take ɗaukar zafi a ranar bazara fiye da farin mayafi. Haka abin yake. Matsalar ita ce wannan melanin ɗin dai shi ne ya cika saman fatarmu. A jikin Bature mai farar fata da baƙin gashi, hasken yana wuce fata ya samu gashi kai tsaye. A jikina da naki, fata da gashi ne suke rabon hasken, in aka yi kuskure fatar ce za ta fara ƙonewa kafin saiwar ta ji komai.

Shi ya sa na'urorin ba ɗaya ba ne. Ana bambanta su da tsawon zangon haskensu. Akwai rubi mai lamba 694, ita ce tsohuwa, an kusa daina amfani da ita. Akwai alekzandarait mai lamba 755, tana da ƙarfi sosai a farar fata amma tana ƙona baƙa. Akwai dayod mai lamba 800 zuwa 810, tana tsakiya, ƙwararre zai iya amfani da ita a fatar da ke da ɗan duhu in ya rage ƙarfi ya tsawaita bugun, wato lokacin da kowace walƙiyar haske take ɗauka. Sai Nd:YAG mai lamba 1064. Wannan ita ce tamu. Melanin ɗin saman fata ba ya shanye haskenta da yawa, kuma tana nutsewa ƙasa sosai zuwa inda saiwar take. Likitocin fata suna auna launin fata da ma'aunin da Thomas Fitzpatrick ya fito da shi a 1975, daga mataki na 1 zuwa na 6. Yawancinmu muna mataki na 5 ko na 6, masu haske a cikinmu suna na 4. Ga mai mataki na 5 ko na 6, Nd:YAG mai dogon bugu ita ce zaɓin farko. Ki riƙe wannan magana ta dogon bugu, domin akwai wata Nd:YAG mai gajeren bugu da ake goge zanen jiki da tabo da ita, wadda ba ta hana gashi dawowa. Aibin Nd:YAG shi ne ta fi sauran zafi, kuma ba ta kama siririn gashi sosai. Tunda naki mai kauri ne kuma baƙi, irin wanda take kamawa ke nan.

Akwai kuma na'urar da ake kira IPL, kuma a nan ne mata da yawa suke faɗawa. Ita ba leza ba ce ko kaɗan, fitila ce mai walƙiya da ke sakin haske iri-iri a lokaci guda, har da irin wanda baƙar fata take shanyewa. Ta fi araha, shi ya sa ta cika shagunan gyaran jiki, kuma a talla ana kiranta leza. 'Yan ƙananan na'urorin da ake sayarwa a intanet don amfani a gida ma yawanci IPL ne, kuma in kin karanta takardar da ke cikin kwalin za ki ga masu ƙera su da kansu sun hana mai fata mai duhu sosai amfani da su. Ƙunar irin wannan na'ura ba ta ɓoyuwa. Na ga wata baiwar Allah da aka yi wa a ƙwauri, fatar ta yi zane-zanen murabba'i a jere, kowane ɗaya daidai girman bakin na'urar. Da farko sun yi bororo, suka yi ɓawo, da ɓawon ya faɗi sai wasu suka bar baƙin tabo, wasu suka bar fari. Baƙin yakan ɗauki watanni kafin ya dushe. Farin ya fi wuyar sha'ani, wani lokaci ba ya komawa yadda yake. Ki yi tunanin wannan a haɓarki ana saura wata guda biki. Araha ba ta ado.

Sai kalmar har abada da kika gani a talla. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wadda take tantance irin waɗannan na'urori, abin da ta amince a ce suna yi shi ne rage gashi na dindindin. Wato yawan gashin zai ragu sosai, wanda ya rage zai zama siriri, fitowarsa ta yi jinkiri, amma ba lallai kowace saiwa ta mutu ba. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana cewa bayan zaman farko ana sa ran raguwar kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari. Hammata da ƙafa da mara sukan ba da sakamako mai kyau da daɗewa. Fuskar mace ita ce mai taurin kai, saboda gashinta yana ƙarƙashin ikon homon, sinadaran da jiki ke fitarwa a jini don sarrafa abubuwa irin su al'ada da fitowar gashi, kuma sau da yawa sai an riƙa komawa sau ɗaya ko biyu a shekara bayan an gama. Hanyar da aka yarda tana kashe saiwa gaba ɗaya ita ce ta allurar lantarki, inda ake zura siririn ƙarfe cikin ramin kowane gashi ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar hanya ce, wani likitan ido mai suna Charles Michel ne ya fara bayyana ta a 1875 don gashin ido da ke juyawa ciki. Tana da cin lokaci, amma ita ce mafita ga furfura, domin leza ba ta ganin farin gashi kwata-kwata.

Me ya sa ba a gamawa a zama ɗaya? Gashi ba ya girma a tare. A kowane lokaci wasu suna cikin girma, wasu sun tsaya, wasu suna hutawa kafin su zube. Leza ta fi tasiri a kan wanda yake cikin girma, lokacin da yake manne da saiwarsa kuma cike da launi. Saboda haka ake maimaitawa, galibi sau shida zuwa takwas ko fiye, da tazarar mako huɗu zuwa shida a fuska, shida zuwa takwas a sauran jiki. Ki lissafa da kanki, za ki ga aikin wata shida ne zuwa shekara.

Daga nan za ki gane dalilin da zan ce ki ajiye hantsakin nan daga yau. In kin tsige gashin kin cire abin da hasken zai kama, zaman ya tashi a banza. Haka halawa da zare da duk abin da ke tumɓuke gashi daga tushe, ana barinsu aƙalla mako huɗu kafin zaman farko da kuma tsakanin zama da zama. Bayan haka ma, tsigar ce ta jawo miki ƙurajen da tabon. Gashinmu nannaɗaɗɗe ne, in an fizge shi ya karye a ƙarƙashin fata, sabon da zai fito sai ya lanƙwashe ya soki fatar daga ciki, wurin ya kumbura, in ya warke ya bar baƙi. Abin da aka yarda ki yi shi ne aski ko datsewa da ƙaramin almakashi. Na san za ki ce reza tana ƙara wa gashi kauri, haka iyayenmu suka faɗa mana, amma ba haka ba ne. Reza tana yanke shi ne a inda ya fi faɗi, sai bakinsa ya fito da kaushi a hannu. Yawansa da kaurinsa daga saiwa suke, reza ba ta kai can.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarki, wato gashin ƙirjin da kika ambata a taƙaice. Idan gashi mai kauri ya fito wa mace a wuraren da yake fito wa maza, haɓa, saje, gashin baki, ƙirji, layin cibiya zuwa mara, bayan cinya, to muna neman dalili. Wanda ya fi yawa shi ne ciwon da ake kira PCOS, inda sinadarin homon na maza yake ɗan yin yawa a jikin mace, fitar ƙwai ta rikice. Yana samun kusan mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa, kuma mafi yawansu ba su san suna da shi ba. Likita zai tambaye ki al'adarki: tana zuwa kowane wata, ko tana tsallake wata biyu, uku? Akwai ƙurajen fuska masu naci? Kina ƙara ƙiba ba dalili? Bayan wuyanki ko hammatarki sun yi duhu da kauri? Gashin kanki yana raguwa ta tsakiya? Za a yi gwajin jini, a duba sukari, wataƙila a ɗauki hoton mara. Tun 2003 likitoci suka daidaita a wani taro a birnin Rotadam na ƙasar Holan cewa ana tabbatar da ciwon ne idan an samu biyu cikin abubuwa uku: rikicewar al'ada, alamar yawan homon ɗin maza, da yanayin ma'ajiyar ƙwai a hoto, bayan an tabbatar ba wata cutar ba ce. Kada wannan ya tayar miki da hankali a matsayinki na mai shirin aure. Mata masu PCOS da yawa suna haihuwa, wasu ba tare da magani ba, wasu da taimakon maganin da ke sa ƙwai fita. Sanin abin da wuri alheri ne gare ki.

Akwai wani dalilin da nake yawan gani a ƙasarmu, kuma sai an yi tambaya da lallashi kafin a faɗe shi: mayukan ƙara haske da magungunan ƙiba. Da yawa daga cikin mayukan nan da haɗe-haɗen da ake sayarwa ba suna a jiki akwai sinadarin sitiroyid mai ƙarfi a ciki, kuma NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta sha gargaɗi a kansu. Ƙwayoyin da 'yan mata suke sha don su yi ƙiba kafin aure ma sau da yawa sitiroyid ne. Dukansu suna iya fito da gashi a fuska, su sirantar da fata, su kawo ƙuraje da nankarwa. In kina amfani da ɗaya daga ciki, ki ɗauki kwalbar ki kai wa likita, ba zai yi miki faɗa ba. Kuma in ƙwaya ce kika daɗe kina sha, kada ki yanke ta dare ɗaya, a hankali ake janye ta ƙarƙashin kulawar likita. Wani lokaci kuma ana gama bincike ba a samu komai ba, gado ne kawai, a dangi akwai mata masu gashi. Wanda ba a jira da shi shi ne gashin da ya taso da sauri cikin 'yan watanni, tare da murya ta yi kauri ko al'ada ta ɗauke gaba ɗaya. Wannan a je asibiti cikin makon nan, don a tabbatar ba ƙari ba ne.

In an samu PCOS, akan haɗa leza da magani, domin leza tana kashe gashin da ya riga ya fito, maganin kuma yana hana sababbi tasowa. Akwai ƙwayoyin tsarin iyali na haɗe, akwai ƙwayar spironolactone da ke rage tasirin homon ɗin maza, akwai man eflornithine da ke rage saurin fitowar gashin fuska. Ƙwayoyin sha ɗin sai an yi kamar wata shida kafin a ga tasirinsu sosai. Ki gaya wa likita ranar bikinki da kuma ko kina son ɗaukar ciki da wuri, domin spironolactone ba a shansa da ciki, yana iya cutar da jariri. Ita ma lezar, in ciki ya shiga akan dakatar da ita sai an haihu, saboda ba a yi isasshen bincike a kan masu ciki ba. In akwai ƙiba, rage ko da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana taimaka wa al'ada ta daidaita.

Akwai wani abu da masu talla ba sa faɗa. A wasu mutane kaɗan, leza tana iya sa siririn gashin da ke kewayen wurin ya koma mai kauri. An fi ganin haka a fuska da wuya, a masu fata mai duhu, musamman in an yi amfani da ƙarfin da bai kai ba. Don haka kada ki yarda a bi fuskarki gaba ɗaya da na'ura wai don a gama lokaci guda. Inda gashi mai kauri yake kawai za a taɓa.

In kin je wurin da za a yi miki, ga yadda aikin kirki yake. Za a zaunar da ke a yi miki tambayoyi kafin a taɓa ki: magungunan da kike sha, musamman isotretinoin na ƙuraje, ko jikinki yana yin tabo mai tudu in kin ji rauni ko kin huda kunne, ko kina yawan samun ƙurajen zazzaɓi a leɓe. Ki tambayi sunan na'urar da lambarta, ki nemi a nuna miki a jikinta. In mai aikin ta kasa gaya miki, ko ta ce ai duk ɗaya ne, ki ɗauki jakarki. Ki tambaya wane likita ne yake kula da wurin, kuma wa za ki kira in kin ƙone. Sai a gwada a ɗan ƙaramin wuri a ƙarƙashin muƙamuƙi, ki koma gida ki jira. A baƙar fata tabo ba ya saurin bayyana, don haka ni nakan so a jira mako ɗaya zuwa biyu. Ranar aikin za ki zo da wurin a aske tun jiya, ba mai, ba hoda, ba turare. Ke da mai aikin duk za ku sa tabarau na musamman, kuma ba a kusantar gira ko fatar ido, domin hasken yana iya lalata ido. Na'urar tana da abin sanyaya fata, ko baki mai sanyi, ko feshi, ko iska mai sanyi, kuma ga fatarmu wannan wajibi ne. Za ki ji tsiko mai zafi da kowane bugu, ki ji ƙaurin gashi. Haɓa ba ta wuce 'yan mintuna. Bayan an gama za ki ga ƙananan kumburi a gindin kowane gashi, alama ce mai kyau, sukan baje cikin awanni ko kwana ɗaya. Zafin da ke ci gaba da ƙaruwa, ko fata ta yi toka-toka, ko bororo, wannan ƙuna ce, ki ce a tsaya nan take.

Ki yi hattara da man kashe zafi. Ɗan kaɗan a haɓa bisa umarnin likita ba laifi. Amma a 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan mutuwar wasu mata biyu da suka shafe ƙafafunsu da irin wannan man, suka naɗe da leda kafin a yi musu leza, maganin ya shiga jininsu da yawa.

Bayan zama, gashin zai yi kamar yana fitowa, alhali zubewa yake, cikin mako ɗaya zuwa uku. Kada ki tsige, kada ki goge da ƙarfi. Ki guji ruwan zafi sosai da turara jiki na kwana biyu, ki riƙa shafa man kare fata daga rana mai lamba 30 ko sama, domin rana ce take mayar da ɗan ja ya zama baƙin tabo. Dilka da kurkur da sauran gyaran amare da ake murza fata da su, a nisanta su daga wurin kafin zama da bayansa. Kuma ba a haska leza a kan lalle ko zanen jiki, launin zai ja zafin ya ƙona wurin. In daga baya kina son a yi miki a hammata ko mara, ki nemi mace ta yi miki, batun buɗe al'aura kuma ki tambayi malamai, su ne masu wannan fagen.

Ga yadda zan so ki yi da wata ukun nan. A makon nan ki je sashen fata ko na mata a babban asibiti, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya suna da su, a yi miki bincike, a ba ki abin da zai kwantar da ƙurajen ya fara dusar da tabon. Ki daina tsiga, ki koma datsewa. In fatar ta lafa kuma kin samu wurin da ke da Nd:YAG da ƙwararren hannu, za ki iya samun gwaji da zama ɗaya ko biyu, amma na ƙarshe ya kasance aƙalla mako uku zuwa huɗu kafin a fara hidimar biki. In ba ki samu irin wannan wurin ba, ki bari sai bayan biki, ki aske a hankali da sabuwar reza ta bin yadda gashin ya kwanta, mai kwalliya za ta rufe sauran.